Yadda Nake Zaɓen Gwanayen Zari-Ruga na 'Yan Sha Uku

Maƙwabcina a Leeds, wani dattijo tsohon direban bas, shi ya fara jan hannuna zuwa filin Headingley wata Juma'a da dare, ana sanyi mai ratsa ƙashi. Don kara kawai na bi shi. Abin da ya fara kama ni a wasan ba gudu ba ne, ƙara ce: ƙato biyu suka yi karo a gabanmu, na ji tim, kamar an jefo buhun masara daga saman mota. A hanyar komawa gida ya tambaye ni wa ya fi kowa wasa. Na ambaci yaron gefe da ya tsere wa mutane har sau biyu. Dattijon ya girgiza kai, ya ce mako mai zuwa in ƙyale ƙwallo, in sa wa mai lamba 9 ido daga farko har ƙarshe. Daga wannan umarni nasa na koyi duk abin da zan faɗa a nan.

Ga wanda bai saba ba, ƙwallon zari-ruga iri biyu ce. Akwai ta mutum sha biyar, akwai kuma ta mutum sha uku da ake kira Rugby League, wadda ta ɓalle a garin Huddersfield a 1895 saboda rigima kan biyan ma'aikata kuɗin ranar aikin da suka rasa don buga wasa. A ta sha ukun, idan aka kayar da ku sau shida ba ku ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Dangwala ƙwallo a bayan layinsu, wato tirai, maki huɗu ne. Bugun da ke biyo baya maki biyu. Bugun da ake saki a ƙasa a ɗaga ta tsakanin sanduna ana cikin wasa yawanci maki ɗaya. Minti tamanin ake yi. Gidanta arewacin Ingila, gabashin Ostireliya, Niyu Zilan, kudancin Faransa, tsibiran Tonga da Samowa da Fiji, sai Papuwa Niyu Gini inda ita ce wasan ƙasa baki ɗaya.

To, in kana so ka zaɓi gwanayen wannan zamani, kada ka fara da sunaye. Fara da shata iyaka. Ni daga 2005 nake farawa, kuma wannan iyaka tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta bar Martin Offiah a waje, ɗan asalin Najeriya da ya ci tirai sama da 500, wanda gunkinsa ke tsaye a Wembley tare da na wasu gwanaye huɗu. Ta kuma kusa barin Andrew Johns, wanda ƙarshen wasansa kawai ya faɗo ciki. Amma dole a yi haka, saboda dokoki sun sauya wasan. A 2013 aka hana bangazar mutum da kafaɗa ba tare da an rungume shi ba. A 2020 aka kawo dokar da alƙali ke sake ba ƙungiya kamu shida sabbi ba tare da tsayar da wasa ba, wasa ya ƙara sauri, masu tsaro suka riƙa gajiya da wuri. Shekarar da ta biyo baya Tom Trbojevic ya ci tirai 28 a wasa 18. Gwani ne, babu ja, amma in ka ɗora wannan adadi kusa da na wanda ya yi wasa a 2008 ba ka yi wa na bayan adalci ba.

Bayan iyaka, ɗauko takarda ka rubuta lamba ɗaya zuwa sha uku. A wannan wasa lamba aiki ce. Mai lamba 1 shi ne na can baya, yana tare bugu, yana tsara masu tsaro da baki. Biyu da biyar 'yan gefe ne, uku da huɗu na cikinsu. Shida da bakwai su ne masu dabara da bugu. Takwas da goma ƙartin gaba ne masu fasa katanga da ƙirji. Tara shi ke ɗaukar ƙwallo daga ƙasa bayan kowane kamu. Sha ɗaya, sha biyu da sha uku suna haɗa ƙarfi da gudu. Ba a gwada jaki da doki a tsere ɗaya, kowa da kayan da yake ɗauka. Idan ba ka yi wannan rabon ba, za ka wayi gari jerinka cike da masu lamba 1 da 6 da 7, domin su kyamara ta fi so, su ake ba kyaututtuka. Shi ya sa lokacin da Jason Taumalolo, ɗan gaba, ya raba kyautar Dally M da Cooper Cronk a 2016, abin ya zama labari.

Tunda an zo maganar kyaututtuka, ka san yadda ake ba da su kafin ka jingina da su. Dally M ita ce ta gwarzon gasar NRL ta Ostireliya, ana tara ta ne da makin da masu zaɓe ke ba 'yan wasan da suka fi ƙwazo bayan kowane wasa. Wanda ke tauraro shi kaɗai a ƙungiyarsa yakan kwashe makin, wanda kuma ke cikin taurari huɗu sai su yi ta rabawa tsakaninsu. A Ingila, Man of Steel ce takwararta a gasar Super League. Sai Golden Boot ta gwarzon duniya, wadda tun 2018 wasannin ƙasa da ƙasa kaɗai ake dubawa, shi ya sa Tommy Makinson na St Helens ya ɗauke ta a wannan shekarar. Ke nan Golden Boot ta 2015 da ta 2019 suna ɗaya ne, ma'auni daban. Ni dai kyauta ɗaya ba ta motsa ni. Maimaitawa ce ke motsa ni: Johnathan Thurston ya ɗauki Dally M a 2005, 2007, 2014 da 2015, ya ɗauki Golden Boot sau uku. Shekara goma tsakanin ta farko da ta ƙarshe, wannan ba sa'a ba ce.

Yanzu ga matakin da ya fi cin lokaci, kuma ba shi da gajeriyar hanya: kalli cikakken wasa. Gajerun bidiyon da ke yawo a intanet suna nuna sakan goma na ƙarshen aiki, suna ɓoye minti biyar na shuka shi. Zaɓi mutum ɗaya, ka rage muryar masu sharhi, ka bi shi da ido ko ƙwallo ba ta hannunsa. Dubi yadda yake komawa layi bayan ya kayar da wani, da gudu ko da jan ƙafa. Dubi shi a minti na saba'in, lokacin da kowa ya dafa gwiwa. Ƙirga sau nawa aka wuce ta gefensa.

Ta haka na gane Cameron Smith. Idan ka gan shi a kasuwa ba za ka ce ɗan wasa ba ne, har a ƙasarsu ana yi masa laƙabi da akanta. Ba shi da gudu, ba shi da ƙirar ƙarfi. Amma zauna ka kalli Melbourne Storm na minti tamanin. Kafin ya sunkuya ya ɗauki ƙwallo ya riga ya ɗaga kai ya ƙirga mutanen dama da na hagu, ya ga wane mai tsaro ne ya makara wajen tashi. Taku biyu zai yi, ya riƙe ƙwallon daidai ƙiftawar ido har mai tsaro ya karkato gare shi, sannan ya saka wa ƙaton gaba a gurbin da aka bari. Idan ƙungiyarsa ta gaji, sai ya ɗirka ƙwallo da ƙafar hagu can kusurwa, abokan hamayya su juya su koma ɗauko ta. Shi ke saita saurin wasa kamar mai riƙe da linzami. Ya buga wasa 430 a NRL daga 2002 zuwa 2020, ba wanda ya kai shi; maki 2,786; wasa 42 ga jihar Queensland; wasa 56 ga Ostireliya. Ya bar fage yana da shekara 37, da kofi a hannu. Kuma a lamba 9, inda mutum kan yi kamu arba'in ko fiye a wasa ɗaya. A Ingila kwatankwacinsa James Roby ne, wasa 551 a St Helens kaɗai. Daɗewa irin wannan ina ba ta nauyi ƙwarai, domin a wasan da ake karo da jiki kowane mako, wanda ya shekara sha biyar a sama ya ci jarrabawar da ba a rubuta ta a takarda.

Kada ka manta da bugun sanduna wajen lissafi, domin maki bibbiyun nan su ke raba gardama a wasa da yawa. Kafin Smith, mai riƙe da kambin maki a NRL Hazem El Masri ne na Bulldogs, haifaffen Labanon, Musulmi da aka sani da riƙon azuminsa ko a lokacin wasa, maki 2,418. Ya ajiye wasa a 2009, don haka a gefen iyakata yake, amma duk sanda na ga mai bugu yana saita ƙwallo daga bakin layi sai na tuna shi.

Daga nan sai manyan ranaku. Akwai fage uku da nake auna mutum da su: wasan ƙarshe na gasa, wasannin ƙasa da ƙasa, da State of Origin, karon shekara-shekara sau uku tsakanin jihohin Queensland da New South Wales na Ostireliya, wanda da yawa ke ganin shi ne mafi zafi a duniyar wannan wasa. Queensland ta lashe shi shekara takwas a jere, 2006 zuwa 2013, kuma Smith da Thurston da Billy Slater da Greg Inglis su ne ginshiƙan wannan zamani. Thurston ya buga 36 a jere bai tsallake ko ɗaya ba.

Wasan ƙarshe na NRL na 2015 na kalle shi da safe a falon maƙwabcina, shayi ya huce a hannuna ban sani ba. North Queensland Cowboys, ƙungiyar Thurston, na baya da 16 da 12 a hannun Brisbane, lokaci ya cika, Kyle Feldt ya dangwala a kusurwa. Thurston ya ɗauki lokaci yana saita bugun da zai ba su kofinsu na farko. Ƙwallo ta tashi, ta lanƙwaso, ta daki sanda. Na ga fuskarsa. Wani da ya karaya ke nan. Aka shiga ƙarin lokaci, ɗan Brisbane ya saki ƙwallon farko, Thurston ya matso ya nemi a ba shi, ya ɗaga ta tsakanin sanduna, 17 da 16. Abin da nake nema a babbar rana ke nan: mutumin da ya yi kuskure a gaban dubban jama'a, bayan 'yan mintuna ya sake miƙa hannu. Shi ne kuma wanda kullum yake sunkuyawa ya ɗauki abin ɗora ƙwallo ya miƙa wa yaron da ya kawo, maimakon ya bar masa a ƙasa, bayan wasa ya ba wani yaro hular kansa.

Haka Nathan Cleary na Penrith a wasan ƙarshe na 2023, shi ma da Brisbane. Penrith na baya da 24 da 8, saura ƙasa da minti ashirin, abokin dabararsa Jarome Luai ya fita da rauni. Ya fasa ya ba Moses Leota tirai, ya yi dogon bugun da ya dawo musu da ƙwallo a gidan Brisbane, ya ba Stephen Crichton, sannan ya ci na ƙarshe da kansa: 26 da 24. Penrith ta ɗauki kofi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024.

Akwai labaran jarumta da ake yawan kawowa. Sam Burgess ya karya ƙashin kumatu a karon farko na wasan ƙarshe na 2014, ya buga har ƙarshe, South Sydney ta ɗauki kofin da ta shekara 43 tana jira. Cronk ya buga na 2018 da karyayyen allon kafaɗa, yana tsara Roosters da baki. Ina girmama su, amma ina roƙonka kada ka mai da wasa da rauni ma'auni. Yanzu an san illar bugun kai, ana fitar da mutum a duba shi, kuma haka ya dace. Burgess ya shiga jerina ne saboda shekarun da ya yi yana fasa layi, ba saboda kumburarriyar fuska ba. Haka kuma kuskure ɗaya ba ya kore gwani: Slater ya yi wata muguwar jifa a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2008, Benji Marshall ya tsince ta, Niyu Zilan ta ci 34 da 20. Slater ɗin nan dai shi ya sauya aikin lamba 1, ya mai da shi mai tsara tsaro daga baya, ya kuma ci tirai 190 a NRL.

Sai tambaya mai wuya: shi ne ya ɗaga ƙungiya, ko ƙungiya ce ta ɗaga shi? Smith da Slater da Cronk sun yi shekaru tare a Melbourne, kuma a 2010 aka ƙwace wa ƙungiyar kofunan 2007 da 2009 saboda ta ƙetare iyakar albashi. Don haka ba na ƙirga musu waɗannan biyun. Abin da ya wanke su a wajena shi ne sun sake ɗauka a 2012 da 2017; Cronk ya koma Roosters ya ɗauka sau biyu, Smith ya ɗauka a 2020 bayan abokansa biyu sun tafi. Nemi irin wannan hujja ga kowa: yaya ya yi da aka raba shi da abokan tafiyarsa? Ka kuma ƙara wa wanda ya haskaka a ƙungiya mai rauni, kamar Roger Tuivasa-Sheck da ya ɗauki Dally M a 2018 yana Warriors.

Gardamar Ingila da Ostireliya kuwa, zama a Leeds bai rufe mini ido ba. NRL ta fi ƙarfi, ta fi kuɗi, kowane mako wasa mai zafi ne. Amma ratar ba ta kai yadda 'yan Sidni ke faɗa ba: St Helens ta je har gidan Penrith ta doke ta 13 da 12 a 2023, Wigan ta maimaita mata a 2024. Hanyar da nake bi ita ce duba waɗanda suka tsallaka. Burgess da James Graham sun je can sun zama shugabanni a gaba. Wanda bai taɓa zuwa ba, irin Kevin Sinfield da ya jagoranci Leeds ga kofi bakwai, sai in auna shi da wasanninsa na ƙasa.

Kada kuma ka bar tsibirai a baya. A 2017 Taumalolo ya bar Niyu Zilan ya zaɓi Tonga, ƙasar iyayensa, wasu suka bi shi. Tonga ta doke Niyu Zilan a gasar cin kofin duniya ta wannan shekarar, ta faɗi a hannun Ingila da maki biyu kacal a kusa da na ƙarshe, sannan a 2019 ta doke Ostireliya 16 da 12. Samowa ta bi sahu, ta fitar da Ingila 27 da 26 a Landan a 2022 ta kai wasan ƙarshe na cin kofin duniya. Mutumin da shawararsa ta sauya taswirar wasa baki ɗaya, wannan ma yana cikin lissafi.

Ga abin da takardata ta bayar. Slater a lamba 1, duk da James Tedesco ya matso kusa. A gefe, Brian To'o, gajere mai ɗauko ƙwallo daga gida kamar ɗan gaba, da Ryan Hall, wanda ya kafa tarihin yawan tirai a Super League a 2024, ya kuma fi kowa tirai a tarihin tawagar Ingila. Na ciki, Inglis da Crichton, wanda ya ci tirai a wasan ƙarshe huɗu a jere. Thurston a shida. Graham da Payne Haas a gaba, Smith a tsakaninsu. Burgess da Sonny Bill Williams a sha ɗaya da sha biyu, Taumalolo a sha uku. In aka ce in fitar da mutum ɗaya cikin duka, Smith ne, Thurston na biye da shi. Maƙwabcina bai yarda da barin Jamie Peacock a waje ba, mutumin da ya ci wasan ƙarshe tara a Ingila, kuma hujjarsa tana da ƙarfi.

Ina barin gurbi ɗaya a benci ga wanda ma'auni bai kama ba amma zuciya ta ƙi saki. Nawa Rob Burrow ne. Tsawonsa santimita 165, a wasan ƙarti. A wasan ƙarshe na 2011 a Old Trafford ya shigo daga benci, ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya duƙa ta ƙarƙashin hannuwan 'yan St Helens, ya gilla ya dangwala. Kofi takwas ya ɗauka da Leeds. A Disamban 2019 aka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi. A 2023 Sinfield ya tura shi a keken guragu tsawon gudun fanfalaki na Leeds, da suka iso layin ƙarshe ya ɗauke shi a hannu suka tsallaka tare. Ya rasu ranar 2 ga Yuni, 2024, kuma yanzu sunansa kyautar gwarzon wasan ƙarshe na Super League ke ɗauke da shi. Ka ba kanka gurbi ɗaya irin wannan, ɗaya tak, ka kuma faɗa wa abokin gardamarka cewa na zuciya ne.

Lamba 7 ce ta rage. Cronk ya gama nasa, ana iya auna shi daga farko har ƙarshe. Cleary yana kan bugawa. Waɗanda suka ajiye wasa da biro nake rubuta su, masu bugawa har yanzu da fensir. A takardar da ke manne a jikin firijina, sunan Cleary ne a lamba 7, da fensir, na Cronk kuma a gefensa da biro.